Hukuncin Ƙazanta: Daga Koko Zuwa Mil 12

Duk wanda yake neman abincinsa a kasuwannin Ikko bai manta da ƙarshen daminar 2023 ba. A cikin 'yan makonni kaɗan Gwamnatin Jiha ta garƙame kasuwar Oyingbo, da ta Alayabiagba, da ta Ladipo, sa'an nan a watan Oktoba abin ya iso kan Mil 12 da Owode Onirin. Dalilin da Ma'aikatar Muhalli ta bayar guda ne: tulin shara, da toshe magudanan ruwa, da kasa kaya a bakin titi. Bayan 'yan kwanaki aka buɗe, da shugabannin kasuwa suka ɗauki alkawarin gyara. A watan Yuni na 2025 kuma aka rufe mayankar Oko-Oba da ke Agege, inda mahautanmu da fataken shanu suke hada-hada, aka ce jini da ƙazantar dabbobi suna kwarara cikin lambatun jama'a.

Wanda bai san cinikin gwari ba zai ce ai kwana uku ba wani abu ba ne. To, amma mai karatu ya sani tumatir ba ya jiran kowa. Motar da ta taso daga Kadawa ko Ɗanja ta riga ta kwana biyu ko uku a hanya kafin ta shigo Ikko, kayan cikin kwando sun fara laushi tun daga Jebba. In ta tarad da ƙofa a rufe, kwana guda ya isa a zubad da rabin lodin. Hasarar kuwa ba ta tsayawa kan dillali. Manomin da ya ciwo bashin taki yana can gida yana jiran a aiko masa da kuɗi, direba yana jiran cikon kuɗin mota, ɗan dako da yake ci daga abin da ya samu a ranar ya kwana da yunwa. Yawancin waɗannan mutane ba su taɓa jefa ko ɓawon albasa cikin lambatun Mil 12 ba.

Ba za mu yi wa kanmu ƙarya ba, ƙazantar akwai ta. Wanda ya taɓa shiga kasuwar gwari da damina ya san yadda ruɓaɓɓen kaya yake cakuɗewa da taɓo har takalmi ya nutse, ya kuma san warin da maƙwabtan mayanka suke shaƙa dare da rana. Hukumar da ta ga haka ta kau da kai ta ci amanar jama'a. Tambayar da ta dame mu ita ce: shin saurin nan da zafin nan da ake nunawa a kasuwa, haka ake nuna wa kowa? Don a ba da amsa sai an koma baya kaɗan.

Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ma'aikaci zai shigo gida ya leƙa randa, in ya ga 'ya'yan sauro a ruwa sai maigida ya tsinci kansa a gaban alƙali. Waɗanda suka yi wayo a zamanin mulkin Janar Buhari na soja kuma suna tuna yaƙi da rashin ɗa'a da aka soma a 1984, da sashensa na tsabtar gari da aka ƙaddamar a Kano a 1985, wanda ya haifar da sharar ranar Asabar ta ƙarshen wata. Duk waɗannan dokoki talaka suka fuskanta, da gidansa da rumfarsa. Game da gubar masana'antu kuwa, ƙasar nan ba ta da wata hukuma ta musamman, ba ta kuma da doka mai haƙori, har sai da abin Koko ya auku.

Koko ƙaramin gari ne mai tashar jirgin ruwa, a wancan lokaci yana cikin Jihar Bendel, yanzu yana Jihar Delta. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka riƙa shigo da dubban gangunan dattin masana'antu mai guba, nauyinsa ya haura tan 3,500, suka jibge a filin wani mutumin garin, suna biyansa hayar kamar Dala 100 a wata. Ba kwastan ne suka gano ba, ba kuma 'yan sanda ba. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya su ne suka ga labarin a jaridun can, suka rubuto gida, 'yan jaridar Ikko suka bi sawu, asiri ya tonu a watan Yuni na 1988. Gangunan sun riga sun fara kumbura suna yoyo a rana, ma'aikatan da aka sa kwashewa kuma wasunsu suka ƙone a jiki, wasu suka kwanta asibiti.

A nan dai Gwamnatin Janar Babangida ta nuna ana iyawa in an ga dama. Ta kirawo jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a tashar Ikko, ta ce ba za ta sake shi ba sai an kwashe kayan. Aka kuwa kwashe. Jirgin Karin B da ya ɗauki wani kashi ya yi ta yawo a teku, tashoshin Turai suna korarsa ɗaya bayan ɗaya, kafin ya sami masauki a Italiya inda abin ya fito. Kafin shekarar ta ƙare aka kafa dokar soja mai lamba 42, wadda ta yanka ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya shigo da datti mai guba, ko ya ajiye, ko ya zubar, tare da ƙwace jirgi ko motar da ta ɗauko da filin da aka zuba. Sai kuma doka mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, watau FEPA. A 1992 aka ƙara da doka mai lamba 86, wadda ta ce kafin a kafa babbar masana'anta ko a yi babban aiki sai an auna illar da zai yi wa ƙasa da ruwa da iska.

Saboda haka ba za a ce Nijeriya ba ta da dokoki ba. FEPA ta narke cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, a 2007 kuma aka kafa NESREA don ta riƙa tilasta bin ƙa'ida. Sai dai dokar da ta kafa NESREA ta cire harkar man fetur da gas daga hannunta. Watau an naɗa mai gadi, an ce ya tsare ko'ina ban da ɗakin da dukiya take. Gubar da ta zo daga Italiya an fatattake ta cikin watanni, domin baƙuwa ce, kuma babu wani babba a gida da zai yi hasara in an kore ta. Wadda ake haƙowa a nan, gwamnati tana cin kuɗinta, labarinta daban ne.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Fatakwal da Warri sun san wutar nan da take ci a bakin dogayen bututu dare da rana, har wasu ƙauyuka ba su san duhun dare ba. Gas ne da yake fitowa tare da ɗanyen mai, kamfanoni suna ƙone shi domin ƙonewar ta fi arha bisa ga tarawa. Tun 1979 aka yi dokar hana wannan, aka sa ranar 1 ga Janairu, 1984 ta zama ƙarshe. Da ranar ta zo ba a daina ba, sai aka buɗe ƙofa: Minista yana iya ba kamfani izni ya ci gaba, in zai biya. Abin biyan da aka fara sawa a 1985 kwabo 2 ne a kan kowane ƙafa dubu na gas. Daga baya ya koma kwabo 50, a 1998 ya zama Naira 10, ya kuma zauna haka shekara ashirin, alhali darajar Naira tana ta zubewa. Wane ɗan kasuwa ne zai kashe miliyoyin Daloli ya kafa injin tara gas, in zai iya sallamar hukuma da Naira 10? Abin da aka kira tara ya zama kuɗin haya kawai. Har ila yau, saboda yadda aka rubuta dokar, kamfanoni sun daɗe suna lissafa kuɗin a cikin ɗawainiyar aiki, suna cire shi kafin a yanka musu haraji.

A watan Nuwamba na 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar mutanen Iwherekan na Jihar Delta, ta ce ƙone gas a garinsu keta haƙƙinsu na rayuwa ne, a daina. Ba a rufe rijiya ko ɗaya washegari ba. An sa wa'adin 2008 ya wuce, an sa na 2020 ya wuce, sai aka koma maganar 2030. A yi adalci, an sami gyara: a 2018 aka ɗaga kuɗin zuwa Dala 2 ga manyan kamfanoni masu haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana, da rabin Dala ga ƙanana, dokar man fetur ta 2021 kuma ta hana a cire tarar daga haraji. Yawan gas da ake ƙonewa ya ragu ƙwarai bisa ga na shekarun baya, musamman tun da masana'antar sarrafa gas ta Bonny ta fara aiki a 1999. Amma shekara arba'in bayan wa'adin farko, rahotannin Bankin Duniya ba su daina sa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi ƙone gas ba.

Malalar mai ma haka take. An kafa hukumar NOSDRA a 2006 don ta sa ido a kanta. Dokar da ta kafa ta ta ce wanda ya ƙi ba da rahoton malala a ci shi Naira 500,000 kowace rana, wanda ya ƙi share wurin kuma Naira miliyan ɗaya. A 2025 miliyan ɗaya ba ta kai Dala dubu ba, kuma fataken Agege za su gaya maka ƙosasshen sa guda yana iya fin haka. Da hukumar ta gwada ƙarfinta, bayan malalar kamar ganga 40,000 a rijiyar Bonga ta cikin teku a watan Disamba na 2011, ta ɗora wa kamfanin Shell biyan Dala biliyan 3.6, sai kamfanin ya garzaya kotu yana cewa hukumar ba ta da ikon yin haka, magana ta koma hannun lauyoyi shekara da shekaru.

Ƙasar Ogoni ita ce ta fi nuna zurfin abin. A watan Agusta na 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fid da sakamakon bincikenta, ta ce a Nisisioken Ogale mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da wani sinadari mai jawo ciwon daji, ninki 900 bisa ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Ta ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da Dala biliyan ɗaya. Sai a 2016 aka yi bikin ƙaddamar da aikin. Diyyar da ta shiga hannun talakawa kuwa, wadda aka fi sani, daga kotunan waje ta fito. Masuntan Bodo sun kai ƙara London, a 2015 Shell ta yarda ta biya Fam miliyan 55 saboda malalar 2008. Wasu manoma kuma sun yi shekara goma sha uku suna shari'a a ƙasar Holan kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2021. Abin kunya ne a ce ɗan ƙasa sai ya ƙetare teku kafin a share masa hawaye kan ɓarnar da aka yi a gonar ubansa.

Ba kuma kamfanoni kaɗai ke da laifi ba. Ɓarayin mai suna fasa bututu, masu dafa ɗanyen mai a daji suna zubad da abin da ya rage cikin rafi, jami'an tsaro kuma in sun kama sukan cinna wa wurin wuta, hayaƙi ya ƙaru. Baƙin tozon da ya fara sauka a kan Fatakwal tun 2016, wanda yake shiga hanci, ya ɓata wanki, ya kwanta a kan tsire da kayan tireda, da hannun duk waɗannan a ciki.

To, me ya sa kasuwa take rufuwa cikin safiya ɗaya, rijiyar mai kuwa sai a shekara arba'in ana ba ta wa'adi? Babban dalili shi ne gwamnati abokiyar ciniki ce. A tsarin haɗin gwiwar da aka daɗe ana bi, kamfanin mai na ƙasa shi ke da kashi 55 ko 60 cikin ɗari. In aka rufe rijiya, baitulmali ne zai fara jin yunwa. In aka ci tara mai nauyi, gwamnati ta ci kanta. Ga kuma rashin kayan aiki: an sha kuka cewa masu binciken malala sukan jira kamfanin da za su bincika ya ba su jirgin da zai kai su wurin. Wanda ya ɗauke ka a jirginsa, ya ciyad da kai, da wuya ka dawo ka rubuta masa abin da ba ya so. Rufe kasuwa kuwa ba ya bukatar ɗakin gwaji ko masani. Kwaɗo da sarƙa da motar 'yan sanda guda sun isa, kuma gobe hoto zai fito a jarida a ce hukuma tana aiki. An bar jaki ana dukan taiki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon Kurmi ne kaɗai. Wanda ya fito daga Kano ya san launin ruwan da yake fitowa daga majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai, ya san wasu masu lambu da shi suke ban-ruwa a gefen Jakara. Mutanen yankin sun yi shekaru suna kuka, masu masana'anta kuma a kullum amsarsu ita ce in an matsa musu za su rufe, ma'aikata su rasa abinci.

Mu dawo kasuwa, domin nan ne abin ya fi shafarmu. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka da bayan gida na jama'a da kwashe shara. 'Yan kasuwa kuma ba kyauta suke zaune ba. Kowace mota da ta shigo tana biya, kowane mai rumfa yana yankar tikiti, har da abin da ake kira kuɗin shara. In an karɓi wannan duka amma juji ya kai tsayin mutum, ya kamata kafin a sa kwaɗo a tambayi wanda ya karɓa ina ya kai. Wake ɗaya yana ɓata gari, gaskiya ne, amma aikin hukuma shi ne ta tsince waken. Hukuncin gayya yana da sauƙin zartarwa, sai dai mai laifin yana ɓuya a cikin taro, wanda ya share gaban rumfarsa kuma ya ga babu ribar da tsabtarsa ta jawo masa.

Haka batun yaranmu masu tura baro suna kwasar shara a unguwanni, waɗanda Gwamnatin Ikko ta haramta sana'arsu a 2018, ana kama su ana farfasa barorinsu. Zargin da ake musu shi ne suna juye abin da suka kwaso cikin magudanai da dare, kuma wasunsu suna yi, ba ma musu. Amma matar gidan da ta kira mai baro ta ba shi kuɗi ta yi haka ne don motar shara ba ta shiga lungunta, ko ta yi mako biyu ba ta zo ba. Muddin haka ne, in an kama goma yau, gobe wasu goma za su fito. Da an yi musu rajista, an nuna musu inda za su riƙa juyewa, an kuma hukunta wanda ya kauce, da magudanan sun fi samun sauƙi.

Akwai inda Gwamnatin Ikko ta kama hanya mai kyau, ya kamata a faɗa. Da ta hana farin mazubin abincin nan na soso a watan Janairu na 2024, wanda shi ne kan gaba wajen toshe lambatu, ta fuskanci masu ƙerawa da manyan dillalai, ta kuma ba da 'yan makonni a sayar da abin da ya rage. Hanin sauran ledoji da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya ma an yi shelarsa tun da wuri kafin a fara kame a watan Yuli na 2025. Wanda aka gaya wa laifinsa, aka ba shi lokaci, ya ƙi, ba shi da bakin kuka. Abin da muke nema a kasuwa ke nan.

Mu ma da namu aikin. Sharar safiyar Alhamis ba ranar hutu ba ce, kuma abin takaici ne a ga wasu sun kulle rumfa sun koma gefe suna shan shayi har ƙarfe goma ta yi. Kwandon da ya ruɓe yana da mai shi, kuma kowa a layin ya san shi. In ƙungiya tana iya cin mutum tara don ya karya farashi ko ya ƙwace wa wani baƙo, tana iya cinsa don ya juye ruɓaɓɓen tattasai a lambatu. Sarakunan Hausawa da shugabannin sassan tumatir da albasa da na mahauta su riƙa ajiye rasit na duk kuɗin sharar da aka biya, da littafin ranakun da mota ta zo da ranakun da ba ta zo ba, domin ranar da aka zo da sarƙa, takarda ce za ta yi magana a Alausa.

Idan kuma sun zauna da Kwamishina, akwai abu biyu da ya kamata su nema a rubuce tun kafin wata damina. Na farko, kada a rufe kasuwa sai an ba da gargaɗi a takarda, mai ɗauke da sunan sashen da ya yi laifi da adadin kwanakin gyara, in ya so a rufe wannan sashen kaɗai. Na biyu, ko da rufewar ta zama tilas, motocin gwari da suka riga suka baro Arewa kafin sanarwa a ba su wurin sauke kaya, a bar su su sayar.